Motar Malam Tanimu da Ba Ta Zafi a Gareji

Ku samarin da kuke wucewa ta gaban garejina a nan bayan Ƙofar Doka, kuna ganina zaune a kan tsohuwar taya ina shan shayi, na san abin da kuke cewa. Wai kanikanci yanzu ba wuya, a ɗaura wa mota kwamfuta ta faɗi ciwonta, a kwance abin da ya lalace a ɗaura sabo. To, na ji. Amma akwai motocin da ko ramin da za a soka kwamfutar ba su da shi, kuma irinsu ne suka ciyar da ni har na yi furfura. Bari in ba ku labarin guda, a-kori-kurar Malam Tanimu, wadda ta kusa sa in rufe gareji in koma tallan rake.

Malam Tanimu mutumin cikin birni ne, ɗan gidan malamai. Duk 'yan uwansa ko a zaure suke koyarwa ko a ofis suka yi ritaya, shi kaɗai ya zaɓi sitiyari, kuma bai taɓa jin kunyar haka ba. Motarsa ta girmi yawancin 'ya'yansa. An ce fara ce a da. Ƙofar gefen fasinja sai ta waje take buɗuwa, saboda haka duk wanda ya ɗauka sai ya zagayo da kansa ya buɗe masa, kamar direban gwamna. Yana kai 'yan kasuwa Giwa da Maƙarfi da kayansu, ya dawo da barkono da masara da awaki da kaji. A unguwa kuwa, in tashin gida za a yi ko kai kayan ɗaki, shi ake bugo wa ƙofa.

Ranar da ya fara kawo min ita a kan wannan matsala, damina ta yi nisa. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya fito ya ɗage bonet da kansa kamar yadda tsofaffin direbobi suke yi, ya shimfiɗa buzunsa a gindin dalbejiya ya zauna, kafin ma in fito daga ƙarƙashin motar da nake ciki. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya nuna motar da carbinsa.

"Ilu, tsohuwar nan zazzaɓi take yi."

Na ce, "A cikin daminar nan, Malam?"

"Shi ne abin da ya ɗaure min kai. Da na miƙe hanya, kafin in kai Shika allurar zafi ta hau ja. Shekaranjiya a gefen titi ta ajiye ni, ga ruwa ana zubawa. Wani ɗan albarka, maimakon ya taya ni turi, sai ya ɗauke ni hoto ya aika wa mutumin Kaduna."

Mutumin Kaduna shi ne ɗansa na fari, Alhaji Nuhu, babban ma'aikacin gwamnati. Malam Tanimu ba ya kama sunansa, irin kunyar mutanen da. Alhaji Nuhu da ƙannensa sun daɗe suna roƙonsa ya ajiye tuƙi, kuma ba don mugunta ba, tsoro suke ji. Da ganin hoton nan sai suka yanke magana: in motar ta sake ajiye shi a hanya, za su kira 'yan gwangwan su ɗauke ta, Baba ya zauna a gida ya huta.

"In huta da me?" in ji shi. "In zauna a zaure ina amsa sallamar masu wucewa? Ilu, ranar da na daina fita, ranar zan fara tsufa. Ka duba min ita."

Ni a hannun Malam Bulus, mutumin Wusasa, na koyi aiki, a garejinsa da ke Tudun Wada. Sai da na gaji da wanke ƙarafa a cikin fetur da miƙo kayan aiki kafin ya yarda in kwance ko da filogi ɗaya. Ya kan ce ido ake fara sawa, sannan hannu, sannan kunne, sifana ita ce ta ƙarshe. In ya ga ka ɗauki sifana ba ka gama kallo ba, sai ka ji ranƙwashi. Ranar da ya yaye ni ya ba ni wata doguwar sukudireba, wadda ba don kwance ƙusa ba ce. Ana ɗora bakinta a jikin injin, a kara ƙotar a kunne, sai ka ji abin da ke faruwa a ciki. Har yau tana nan, kuma ba na ba da aronta.

Da wannan karatun na tunkari motar Malam Tanimu. Mota mai zafi, abu na farko kada ka buɗe murfin lagireto tana tafasa, in kana son fuskarka. Na bari ta huce, na duba ruwa, na leƙa ƙasa ko tana yoyo, na matsa kowace tiyo in ji ko ta ruɓe. Na danna fambel, bel ɗin da ke juya fanka, da babban yatsa, bai saki ba. Na girgiza fanka, ba ta rawa. Na zaro sandar baƙin mai, domin in gaskit ya ƙone ruwa yakan haɗu da mai ya koma kamar shayi mai madara, na samu mai baƙi ƙirin yadda ya kamata. Na tayar da ita na zuba ido a wuyan lagireto ko zan ga kumfa, babu, ruwa na zagayawa abinsa. Na kara sukudirebata a famfon ruwa, lafiya lau yake juyawa. Daga nan na shiga na zagaya da ita har Gyallesu, na dawo na miƙe titi na taka ta sosai. Allura ta zauna a tsakiya ko motsi ba ta yi ba.

Murfin lagireton kaɗai na samu ya gaji, robarsa ta tsattsage. Na sauya shi, na ce wa Malam ya je ya gwada. Ya naɗe buzunsa, na koma ƙarƙashin motar da na baro, na ji ya rufe bonet ya tafi.

Kasuwa ta gaba sai ga shi. Allah ya taimaka bai bari ta tafasa ba, yana ganin allura na hawa ya tsaya, kuma ba wanda ya ɗauki hoto. Akwai ƙa'ida a wannan aiki: motar da ke zafi a tsaye, a cikin cunkoso, fanka ake zargi. Wadda ke zafi in ana gudu, ko ruwa ba ya wucewa a lagireto ko iska ba ta ratsa shi. Iska dai na duba, gaban motar a buɗe yake tarwai. Saura ruwa. Na kwance lagireton na kai wa mai walda ya buɗe shi ta sama, muka leƙa.

Abin da muka tarar a ciki ya isa a ci tuwo da shi. Kun san halin mutanenmu na cikin birni, in aka ji mutum ba shi da lafiya, duk wanda ya zo dubiya da maganinsa yake zuwa. Ashe haka aka yi wa motar. Wani ya ce a fasa mata ƙwai, yana toshe yoyo. Wani ya ce garin kuka ya fi. Wani ya kawo kanwa wai ta wanke ciki, wani ya ce a bi da ruwan tsamiya. Malam Tanimu kuwa ba ya iya mayar da hannun kyauta, duk ya ɗura mata. Mai walda ya ɗago ya dube shi ya ce, "Malam, daddawa kawai ta rage." Aka zurara waya a kowace kafa, aka wanke tas, aka mayar. Na gwada ta har bayan Samaru, sanyi ƙalau. Ranar na yi alfahari, har na ce masa in ta sake zafi a sauya min suna.

Ta sake. Malam ya dawo ya zauna a kan buzunsa ya ce, "To Ilu, wane suna kake so?"

Daga nan magana ta koma majalisa. Masu cewa baki ne, masu cewa sammu, masu cewa ai tsohon doki sai mai shi, amma har mai shi wata rana haƙura yake yi. Abokan sana'ata duk bakinsu ɗaya, a buɗe injin a sauya gaskit. Shekarar ce man fetur ya yi tashin gwauron zabo, mutane suka jingine motoci suka koma mashin da ƙafa, sai mu wuni a gareji ba wanda ya ce mana ko duba min iska. Aikin buɗe injin, da na yi shi, da ya zo min a kan gaɓa. Amma injin bai ce min yana ciwo ba, kuma injin da ya kai wannan shekaru, in ka buɗe shi ba dalili, ba lallai ya rufu yadda ka same shi ba. Ga shi labari ya kai Kaduna, Alhaji Nuhu ya aiko cewa ranar Asabar yana tafe.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, a hannuna ba ta zafi, a hannunsa tana yi. Na yi ta tunanin ko nauyin kaya ne, ko yana jan ta a ƙaramar giya bai sani ba, tunda kunne yakan yi nauyi da tsufa. Sai na ce zuwa da kai ya fi saƙo. Na ce masa ranar kasuwar Giwa da ni za a tafi, shi zai tuƙa, ni kallo ne nawa.

Na same shi a ƙofar gida da safe an gama lodi. Buhunan gishiri da atamfofi da robobi a baya, masu kayan sun ɗare a kai. Ya zagayo ya buɗe min ƙofa, muka kama hanya. Tuƙinsa ba abin da za ka kushe, yana sauya giya a kan lokaci, ba ya ɗora ƙafa a kuloci. Muna wuce Samaru na ga allura ta fara rarrafe. Kafin Shika ta jingina da ja. Ya gangara gindin wata ɗorawa ya kashe ta, ya ce wa fasinjoji su yi haƙuri, su kuwa da alama sun saba, har wata ta fara ɓare gyaɗa.

Wannan karon tare muka fito. Ya ɗage bonet. Sai na ga ya zura hannu ta gaba, tsakanin ragar gaban motar da lagireto, ya zaro buzunsa a ninke biyu, gashin a ciki. Ya karkaɗe shi, ya shimfiɗa a inuwa, ya zauna.

"Zo ka zauna, Ilu, sai ta huce."

Ban zauna ba. Na ce, "Malam, daga ina ka ciro wannan?"

"Ma'ajinsa ke nan."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka kawo min shi daga wurin majema, bayan Babbar Sallah. Fatar ragon da mutumin Kaduna ya aiko min ce. Gwiwa ta fara damuna, darduma ba ta tare min taurin ƙasa." Ya shafa gashin. "To ina zan sa shi? Baya awaki da kaji. Gaba mata da manja da jarirai. Abin salla ne. Nan kuwa ba mai taka shi, ba abin da ke zuba masa, kamar don shi aka yi wurin. Ga shi kullum da ɗuminsa nake ɗauka, ba ruwansa da danshin damina."

Na ce, "In ka zo garejina fa?"

"Ai ka gani, ciro shi nake yi in zauna."

Yana rufe baki ya tsaya. Ya dubi buzun, ya dubi motar, ya dube ni. Buzun nan ya rufe fuskar lagireto ruf, iska ba ta da ta inda za ta bi. A cikin gari da tafiya a hankali motar tana daurewa, amma da an miƙe hanya sai ta shaƙe. Duk gwajin da na yi ta yi, mai laifin yana shimfiɗe a gindin dalbejiya, mai shi yana zaune a kansa yana yi min addu'ar Allah ya nuna min matsalar.

Dariya ta kama mu, har sai da na dafa motar. Malam ya yi ta yi yana share hawaye da gefen rawani, fasinjoji suna tambaya lafiya. Can sai na ga dariyar ta ɗauke masa. Ya jawo ni gefe ya rage murya.

"Ilu, kada mutumin Kaduna ya ji wannan."

Na ce, "Ai labari ne mai daɗi, Malam. Mota ba ta da laifi."

"Shi ne matsalar. Yanzu mota suke zargi. In suka ji wannan ni za su zarga, su ce kan Baba ya fara juyewa. Ko sabuwa ce ba za su bar ni in taɓa sitiyarinta ba."

Gaskiyarsa ce, kuma na tausaya masa. Mutumin da ya yi shekaru yana kai mutane gida lafiya, yau yana tsoron 'ya'yan da ya haifa su karɓe masa makulli a kan fatar rago. Na ce masa ni dai ba zan yi wa Alhaji ƙarya ba. Ya ce, "Ban ce ka yi ƙarya ba. Cewa na yi ka rage magana." Muka ƙarasa Giwa da buzu a cinyata, allura a tsakiya, muka dawo haka.

Ranar Asabar da hantsi Alhaji Nuhu ya iso gareji cikin farar shadda, wani ɗan gwangwan na biye da shi, tun daga nesa yana auna motar da ido. Alhaji ya durƙusa ya gai da mahaifinsa, sannan ya juyo gare ni.

"Malam Ilu, an ce ka gano matsalar."

"An gano, Alhaji. Wani abu ne ya tare mata iska ta gaba, mun cire shi."

"Wane abu?"

"Abin da ba wurinsa ba ne. Injin dai ƙalau yake, ban taɓa shi ba."

Ya ɗan dube ni. Mutumin ofis ne, ya saba jin amsar da aka rage mata tsawo. Ya ce shi gani ya kori ji, a ɗora mata kaya a tafi Giwa yanzu cikin zafin rana, yana ciki. In ta je ta dawo ba ta yi zafi ba ya janye maganarsa, in ta yi, ga mai saye nan. Muka ɗora tsofaffin tayoyi da wani mataccen injin a baya don nauyi. Malam ya naɗe buzunsa, na ga ƙafarsa ta nufi gaban mota don sabo, sai ya yi tari ya juya. Ya buɗe mana ƙofa, Alhaji ya shiga tsakiya, ni a gefe. Ya miƙa wa ɗansa buzun ba tare da ya dube shi ba.

"A riƙe min wannan."

Muka wuce Samaru, Alhaji bai ɗauke ido daga allura ba. Muka wuce Shika, tana nan inda take. Malam har ya fara gaisawa da masu tallan bakin hanya da hon. Da hankalin Alhaji ya kwanta sai ya sunkuya ya shafa abin da ke cinyarsa.

"Baba, wannan ba ragon Sallah ba ne?"

"Shi ne."

"Ashe ba a sayar da fatar ba."

"Ba a sayar ba."

Alhaji ya yi murmushi, ya juya buzun don ya ga aikin majema. Ni ma sai a lokacin na lura. A bayan fatar, ga zanen lagireto nan ya fito raɗau, 'yan layuka baƙaƙe a jere daga gefe zuwa gefe, inda ta daɗe tana manne da shi. Ya bi layukan da yatsa. Ya kai fatar hanci ya shinshina. Ya daɗe yana kallon hannuwan mahaifinsa a kan sitiyari, sannan ya waiwayo ya dube ni. Ni kuwa ban taɓa sha'awar gonakin masarar hanyar Giwa kamar ranar ba, na kafa musu ido ta taga. Ya mayar da buzun ya ninke yadda aka ba shi, ya rungume shi a kan farar shaddarsa har muka je muka dawo.

Da muka tsaya a gareji, ɗan gwangwan ya taso da sauri. Alhaji ya ba shi haƙuri ya sallame shi. Malam Tanimu ya karɓi buzunsa ya tafi gindin dalbejiya yana gyaran murya, kamar bai damu da yadda ta kaya ba. Alhaji ya kama hannuna muka koma bayan mota, inda mahaifinsa ba zai ji ba.

"Malam Ilu, mai waldan nan naka yana iya yin ƙaramin akwati?"

Na ce yana iyawa.

"A yi wa Baba guda, mai murfi, wanda manja ba zai shiga ba. A ɗaura shi a bayan kujerarsa." Ya leƙa ya hango tsohon yana shimfiɗa, ya ƙara rage murya. "In ya tambaya, ka ce shawararka ce. Ni ban ga komai ba."